Goge, Kukuma, Gurmi, Kuntigi, Garaya ko Molo: Wanne Za Ka Ɗauka?

Matasa sun fara waiwayar kayan kiɗan gargajiya masu tsarkiya. Wani ya ƙosa da sautin fiyano da kwamfuta da ya mamaye waƙoƙin situdiyo tun shekarun 1990, wani ya ci karo da tsohon faifan Ɗan Maraya a YouTube abin ya shiga ransa, wani kuwa ɗalibi ne da aka ce sai ya iya abin kiɗa ɗaya kafin ya gama karatu. Tambayarsu ɗaya ce: wanne zan saya in koya? Shida ne a fili, wato goge, kukuma, gurmi, kuntigi, garaya da molo. Biyun farko goga su ake yi da izga, wato ɗan baka mai gashin doki, sauran huɗun kuwa da yatsa ake kaɗa su, ko da wani ɗan abu mai tauri. Sai dai wannan rabon ba ya yanke wa mutum shawara. Abin da ke yankewa shi ne inda za ka yi kiɗan, da irin baiwar da Allah ya yi maka, ta kunne ce ko ta baki, da samuwar wanda zai koya maka a kusa, da kuma abin da mutanen gidanku za su iya haɗiyewa.

Tun kafin a je ga sauti, a kula da sunayen, don nan ne kuɗin mutum ke fara salwanta. A bakin mutane da yawa, duk abin da ke da wuya da tsarkiya molo ne, ko garaya. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ma da waɗannan kalmomi biyu suka kira kayan kiɗan da ke cikin Zabura, alhali siffarsu daban take da namu. A Nijar gurumi za ka ji ana cewa, a Najeriya gurmi. Saboda haka in ka aika a haɗa maka abin kiɗa, kada ka tsaya ga suna. Faɗi adadin tsarkiya, faɗi ko cikin na ƙwarya ne ko na itace ko na gwangwani, sannan ka ambaci makaɗin da kake son irin nasa. "Irin na Haruna Uji" ya fi "gurmi" fita a kunnen mai haɗawa.

Mu fara da mafi araha. Kuntigi tsarkiyarsa ɗaya ce, cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, wuyansa gajere, sau da yawa da ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshensa da ke ba shi wannan 'yar ƙarar. Yana shiga aljihun babbar riga. Mai hannu zai iya haɗa shi da kansa a yini guda, kuma cikin 'yan makonni yatsunsa za su kama 'yan amon da ke jikinsa, don ba su da yawa. Wannan sauƙin ne ke ruɗin mutane. Ana ganin abin da Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya yi da shi, daga Bukur inda aka haife shi a 1946 har ya zaga ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, sai a ɗauka sirrin yana cikin gwangwanin. A bakinsa yake. Ɗan Maraya shi kaɗai yake zama, ba 'yan amshi, ba kalangu, ya ɗauko zancen karen mota ko rigimar miji da mata ya yi ta juya shi, yana canza murya yana zama mutum biyu, kuntigin na bin sa a baya yana riƙe masa tafiya. Tun rasuwarsa a watan Yunin 2015 gurbin nan yake a buɗe, ba don kuntigi ya yi wuyar samu ba. In kai mai magana ne, mai lura da halin mutane, wanda in ya fara labari a majalisa ake yin tsit, to wannan naka ne. In kuwa so kake abin kiɗan ya rufa maka asiri a inda baitinka ya yi rauni, kuntigi ba ya rufa wa kowa asiri. Minti biyu ya isa a gane ba ka da abin faɗa.

Gurmi shi ne wanda zan fi miƙa wa sabon shiga, kuma zan faɗi dalili. Cikinsa rabin ƙwarya ne da aka ɗaure wa fata, wuyansa dogo, tsarkiya biyu ko uku. Yawancin masu haɗawa yanzu zaren roba irin na masunta suke sawa, wanda ake samu a kowace kasuwa, kuma ba ya tsinkewa da wuri. Tsawon wuyan nan yana ba yatsu filin yawo, ga tsarkiya ɗaya tana riƙe amo a ƙasa yayin da ɗayar ke bin waƙa, ga kuma fatar da makaɗi ke ƙwanƙwasawa da yatsa tana zama masa ganga. Mutum ɗaya sai ya cika ɗaki. An san gurmi da filin kokawa, inda ake zuga 'yan wasa da shi, amma Haruna Uji na Haɗeja ya nuna yana ɗaukar waƙar soyayya da ta zaman duniya ba tare da ya yi nauyi ba. A Nijar kuma Malam Maman Barka, wanda aka haifa a Tesker a 1959, malamin makaranta ne kafin gurumi mai tsarkiya biyu ya fitar da sunansa. Daga baya ya je Tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar da ya kusa ɓacewa, ya yi ta yawo da shi a Turai har rasuwarsa a 2018. Na kawo shi ne don a ga cewa wanda bai gaji kiɗa ba ma yana iya shiga ta ƙofar gurmi ya yi nisa.

Wanda ya taɓa riƙe jita zai ga hannunsa na hagu ya saba da wuri, sai dai ya sani wuyan gurmi sumul yake, babu waɗannan 'yan ƙarafan da ke raba amo. Kunne ne zai gaya maka inda za ka danna. Babu kuma maɗaurin da ake murɗawa a saita tsarkiya: da igiyar fata ake ɗaure ta a wuya, a tura sama ko ƙasa har amon ya zauna. Ranar farko abin haushi ne, bayan wata guda kuma hannu ke yi ba tare da an yi tunani ba. Inda gurmi ya gaza shi ne ƙarfin murya. A filin biki mai hayaniya, in babu lasifika, kalangu zai haɗiye shi ɗungurungum.

Sai 'yan gidan izga, kuma a nan ne zaɓen ya fi wuya, don mutane da yawa ba sa raba goge da kukuma. Ƙirarsu ɗaya: rabin ƙwarya, fatar guza ko damo a kai, ɗan rami a gefen fatar, tsarkiya ta gashin wutsiyar doki da ke hawa kan ɗan itacen da ake kira jaki, da izgar da ake shafa wa ƙaro don ta kama. Goge ya fi girma, muryarsa ta fi kauri da zurfi, tana da wani ɗan kaushi mai shiga jiki. Kukuma ƙarama ce, muryarta siririya, mai zaƙi da saurin tafiya. Goge yakan tafi da masu kiɗan ƙwarya, kukuma kuma ta saba da kalangu da 'yan amshi.

Wahalar koyonsu iri ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba ce. Tsarkiya ɗaya ce tal, yatsu ba sa danna ta har jikin sanda, taɓa ta kawai suke yi, kuma kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba ta isa ta ɓata amo. Hannun dama na fama da nauyin izga, na hagu na neman wuri a iska. Watannin farko abin da zai riƙa fita kamar kukan ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba ne, kuma maƙwabta za su gaya maka. Wanda ba ya iya rera waƙa daidai da bakinsa, wanda in ana amshi shi ne kullum ke kaucewa, ya haƙura da waɗannan biyun. Wanda kuwa ya jure, ya samu abin da sauran huɗun ba su da shi: amo mai ja, mai lanƙwasa, mai bin hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya ji take ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. Shi ya sa ake cewa goge na magana.

Bambancinsu na gaskiya a idon jama'a yake. Goge ya daɗe da ɗaukar kaya. Kirarinsa ma "kan bidi'a" ne. Shi ne babban abin kiɗan bori a wurare da yawa, shi ne kuma na gidajen rawa da otal-otal a zamanin da irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge ke tashe. Malaman jihadin 1804 sun yi kakkausar suka ga tarukan goge da bori, kuma wannan kallon bai gushe ba har yau. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, ba a nan za a yanke ta ba. Abin da ya shafi mai zaɓe shi ne ya san cewa ranar da ya shiga gida da goge a rataye, akwai kawun da zai kira shi gefe, akwai kuma gidan da in ya je neman aure za a tuna masa. Abin mamaki, ƙetare iyaka kaɗan labarin ya juye. A ƙasar Dagomba ta arewacin Ghana, gonje kiɗan fada ne, masu yin sa gadonsa suke yi, suna yi wa Ya Na na Yendi da sauran sarakuna. A ƙasar Yarabawa, da goje Yusuf Olatunji ya yi sunansa a kiɗan sakara har ya rasu a 1978. Wurin Abzinawa kuwa mata ne kaɗai ke goga imzad, wato irin nasu gogen, kuma a 2013 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Bahaushen da ke zaune a zangon Tamale ba zai ji nauyin da na Kano ko Sakkwato zai ji ba.

Kukuma ta tsira daga yawancin wannan. Ta yi tashe ne a birane a matsayin kiɗan nishaɗi da na biki, Ibrahim Na Habu ya fito da ita fili, sannan Garba Supa, Ali Makaho, Amadu Doka da Hassan Wayam kowa ya ja ta ta inda ya ga dama, daga waƙar yabo zuwa ta gargaɗi da ta barkwanci. Ba a ce mai kukuma ya zama liman ba, maroƙi ne a idon mutane kamar kowane makaɗi, amma ba a haɗa shi da iskoki. Ga shi kuma gidan bai mutu ba, tunda Nasiru Garba Supa ya ɗauki ta mahaifinsa ya haɗa ta da kayan zamani a Kano. Don haka duk mai sha'awar izga, shawarata ya fara da kukuma. Ta fi sauƙin ɗauka, ta fi samun wurin zuwa, faifan da zai saurara ya kwaikwaya sun fi yawa, kuma in daga baya zuciyarsa ta ja shi ga goge, hannun ya riga ya san hanya. Wanda zai fara da goge kai tsaye shi ne wanda ya tashi a gidansa, ko mai bincike da ke son ya adana taken da tsofaffi ke tafiya da su.

Garaya wata duniya ce. Tsarkiyarta biyu, cikinta na itace ne da aka fafe aka rufe da fata, babbarta mai cikin duma kuma ita ake kira komo. Ana kaɗa ta da ɗan guntun fata mai tauri, da ƙarfi, ana maimaita gajeren zagaye ɗaya har ya shiga kan mutum, ga masu caki a gefe, wato butar duma da aka zuba wa tsakuwa. Asalinta ta maharba ce: da ita ake yi musu take, a zuga su, su tashi su yi kirari. Daga nan ta shiga bori, inda kowane iska ke da nasa taken, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, na Malam Alhaji daban. Koyon kaɗa ta bai kai na kukuma wuya ba ko kusa. Wuyar tana ga abin da za ka kaɗa. Garaya ba ta da daɗi in an raba ta da takenta, kuma taken nan ba a rubuce suke ba, suna bakin mutanen da ba sa ba wa baƙo haka kawai. Sai ka bi su, ka ɗauki jaka, ka yi caki, a saba da kai. In kana ƙauyen da har yanzu ake fita farauta da rani kuma akwai mai garaya a raye, dama ce da ba kowa ke da ita ba. In kuwa a Abuja kake kana son abin da za ka ɗora a waƙarka ta soyayya, ba ita kake nema ba, ko da kuwa sunanta ne ya fi daɗin faɗa.

Molo na ainihi tsarkiyarsa uku, cikinsa itace ne dogo mai siffar kwalekwale. Ɗan uwan ngoni ne na Mali, da xalam na Senegal, da hoddu na Fulani, kuma masu binciken asalin banjo na Amurka suna yawan waiwayar wannan dangin da na gurmi. Ya fi ƙarfi a yamma, wajen Sakkwato da Kabi da ƙasar Zabarmawa, inda irin su Jado Seku da Jeliba Baje suka yi ta ba da tarihin mayaƙa da sarakuna a kansa a rediyon Nijar. Muryarsa a kwance take, ta zaman dare ce da labari mai tsawo. Wanda ke son tarihi da kirarin mazan jiya kuma yana da hanyar Dosso ko Yamai, ya neme shi. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, wadda ke da tarin kayan kiɗan gargajiya, wuri ne mai kyau na fara tambaya. A gabashin ƙasar Hausa kuwa samun mai koyarwa zai yi wuya fiye da samun molon.

Mai niyyar shiga situdiyo ya ƙara da wannan a lissafinsa. Kayan nan duka ba a kan ma'aunin fiyano aka gina su ba. Yawancin kiɗanmu a kan amo biyar yake tafiya, kuma makaɗi da muryarsa yake saita tsarkiya, ba da na'ura ba. In aka fara buga fiyano sannan aka ce mai kukuma ya bi, sai a yi ta faɗa da amon da bai zauna ba. Dabarar ita ce a fara ɗaukar mai tsarkiya, sauran kaya su bi shi. Gurmi da kukuma sun fi sauran shiga wannan tsarin, kuma su ne masu shirya waƙa suka fi nema in suna son ɗanɗanon gargajiya na gaske, ba wanda aka kwaikwaya da madannai ba. Kuntigi a makirufo yana fita tas, amma ba ya son cunkoso, da an tara masa kaya sai ya ɓace.

Kulawa ma ta bambanta, kuma tana cin kuɗi da lokaci. Duk abin da ke da fata yana saki da damina, sai an shanya shi a rana ko an ɗan gasa shi nesa da wuta kafin ya yi magana. Da hunturu kuma ƙwarya ke tsagewa in ta faɗi ko aka bar ta a mota. Nan garaya da molo suka fi, don itace ya fi ƙwarya jure wahala, kuntigi kuwa ko ya lalace asararsa kaɗan ce. Goge da kukuma su ne 'yan gata: gashin doki yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba ya son maiƙon hannu, ba ya son laima, kuma dole ka san inda za ka samo wani. A garin da ake hawan salla ana kiwon dawaki, wannan ba matsala ba ce. A Legas ko Kumasi sai ka yi tanadi tun daga gida.

Wajen saye, bambance na kiɗa da na ado. Waɗanda ake rataye wa baƙi a shagunan kayan tarihi, masu fenti da tuntaye, yawancinsu don bango aka yi su: fatar ba ta ja ba, wuyan a karkace, jakin manne da gam. Na kiɗa wurin makaɗi ake samunsa, don mafi yawansu da kansu suke haɗa nasu, ko su san wanda ke haɗa musu. Je ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce "Baba, sha'awar abin nan nake yi, ina son a haɗa mini irin naka," ka bar shi ya faɗi kuɗin. Kada ka tsananta ciniki, domin mutumin da ya haɗa maka shi ne zai gyara maka, kuma wataƙila shi ne zai nuna maka inda ake sa yatsa. In an kawo, ƙwanƙwasa fatar ka ji ko tana amsawa, ɗaga ƙwaryar ga haske ka duba tsaga, sannan ka roƙe shi ya kaɗa a gabanka. Abin da bai yi daɗi a hannunsa ba, ba zai yi a naka ba.

Wanda zai fita da kayan waje kuma, ya tambayi irin fatar tun kafin a ɗaura. Guza da damo suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, kuma jami'an kwastan a filayen jirgin Turai da Amurka suna iya riƙe duk abin da aka yi da fatarsu in babu takardar izini. Ka ce a sa maka ta akuya. Muryar za ta ɗan canza, musamman a goge, amma kayanka za su isa inda za ka.